Nasiha ga Ɗan Koyon Gyaran Tsofaffin Babura

 Tunda maigidanka ya fara sakar maka tsofaffin babura irin su Honda C70 da C90 da Benly, ba ni aron kunnenka a kan wani abu da yara ke rainawa, wato gaskit ɗin murfin inji. Takarda ce da kaurinta bai kai milimita 1 ba, amma ita ke tsare baƙin mai, kuma duk man da ke cikin C70 bai cika lita 1 ba. In yana ɗiga kullum mai babur bai kula ba, wata rana inji zai buga masa a tsakiyar hanya.

Ka fara da neman sabon gaskit. Honda ta fito da Super Cub, wato dangin su C70 da C90, a 1958, zuwa 2017 ta ƙera fiye da miliyan 100, kuma injuna da yawa na China a kan tsarinsa aka yi su. Saboda haka sau da yawa in ka shiga wajen masu kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, ba za ka rasa ba. Sai dai ka tafi da murfin a hannunka, ka ɗora gaskit ɗin a kai, ka bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Wajen kwancewa ake fara ɓarna. Ka juye mai, ka wanke bayan injin da kananzir don kada ƙasa ta faɗa ciki. Kusoshin murfi tsayinsu ba ɗaya ba ne, don haka ka zana siffar murfin a jikin kwali, duk wadda ka cire ka soke ta a gurbinta. In murfi ya ƙi fita, ka bubbuga gefensa da katako a hankali. Kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da inji ka banƙara, domin alminiyon yana da laushi, kuma tabon da za ka bari nan mai zai riƙa bi har abada. Ka lura da 'yan bututun ƙarfen nan da ke daidaita zaman murfi, kada su ɓace a cikin yashi.

Aikin gaske shi ne kankare tsohon. Ka toshe cikin injin da tsumma mai tsabta, ka jiƙa ragowar gaskit ɗin ya yi laushi, sannan ka kwantar da reza ka bi a hankali. Kada ka goge shi a bushe, domin yawancin gaskit na da akwai asbestos a cikinsu, ƙurarsa kuwa tana yi wa huhu illa bayan shekaru. In ka gama, ka kifa murfin a kan gilashi ka gani ko yana rawa. In ya ɗan karkace, ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin, ka riƙa juya murfin a kai har bakinsa ya yi haske bai ɗaya.

To, in sabo ya gagara, sai ka yanka da kanka, kuma babu abin kunya a ciki. Akwai takardar gaskit da ake sayarwa falle-falle, mai kaurin milimita 0.4 ko 0.5 ko 0.8. Ka zaɓi wadda ta yi daidai da tsohon, domin a wasu injunan kaurin nan shi ke ba sandunan ciki sararin juyawa. In ta yi siriri su matse, in ta yi kauri su yi wasa.

Ka shafa giris kaɗan a bakin murfin, ka kifa shi a kan takardar, ka danna ka ɗaga, za ka ga siffarsa ta fito da ramukanta. Ramukan za ka fara hudawa tun takardar na da faɗi, domin in ka yanke ta ta zama siririya, yagewa za ta yi. Ka wasa bakin ɗan bututu, ka ɗora takardar a kan katako, bugu ɗaya rami ya fita tsaf. Daga nan ka yanke ciki, waje ya zo ƙarshe. Wasu kan ɗora takardar a kan murfi su bi gefe da ƙaramar guduma har ta yanke. Dabarar tana yi, amma ka bar ta sai hannunka ya faɗa, don tsohon alminiyon ba ya jure duka. Kuma ka ƙirga ramukan da kyau: a murfin kulochi akwai hanyar da mai ke bi, wadda kusa ba ta shiga. In ka manta da ita, inji ba zai ɗiga ba, amma ƙishirwa za ta kashe shi.

Wata rana za ka samu kanka a ƙauye, babu takarda, mai babur kuma yana son isa gida. Bangon littafi ko siririn kwali marar sheƙi, in aka shafe shi da giris, zai kai shi. Kwalin katan mai rami a tsakiya ba ya yi. Kan silinda da bakin salansa kuwa, inda wuta take, kada ka kuskura ka kai kwali can.

Sai maganar gam. Na ga yara suna lafta silikon har yana tsiyaya, su share na waje su ce aiki ya yi kyau. Yadda ya fito waje, haka ya fito ta ciki. Zai ɓalle, ya toshe rariyar mai ko 'yar ƙofar da ke kai mai saman inji, a wayi gari sama ta ƙone. In fuskokin biyu sun yi sumul, gaskit ba ya bukatar gam. In akwai tabo, ka shafa kaɗan a wurin kawai, kamar yadda ake shafa man kaɗanya a leɓe da hunturu.

Wajen ɗaurewa, ka fara kama duk kusoshin da hannu, sannan ka bi su gicciye, wannan da wadda ke daura da ita, zagaye biyu ko uku. Kusa mai kaurin milimita 6 ba ta son ƙarfin damtse. Ka riƙe sufana kusa da kanta. Wanda ya ga ɗiga ya ƙara matsewa, ramin zai cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. Ka zuba mai, ka tayar da injin ya yi zafi, ka bari ya huce, ka duba. In har yanzu yana jiƙewa, kafin ka zargi gaskit, duba robar sandar giya da ta kik, duba kuma bututun numfashin inji. Babur ɗin da ya daɗe a jingine, zanzaro kan toshe bututun da laka, iska ta rasa mafita ta riƙa turo mai waje.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, da zarar ka rufe murfi, mai babur ba ya ganin abin da ka sa a ciki. Da yawansu dattawa ne da wannan babur ya kai 'ya'yansu makaranta, shi ne kuma ƙafarsu zuwa gona da kasuwa. In kwali ka sa, ka faɗa masa kwali ne, ka karɓi kuɗin kwali, ka ce ya dawo a sa na gaske. Da haka suna ke tsayuwa a sana'a. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya ciyar da kai halal.