Ƙasar renon gao da zogale

Ƴan uwa makiyaya, kafin ku cika ledojin renon gao ko zogale don cimar bisashe, ku gwada ƙasar. Ku jiƙa ta, ku dunƙule a hannu. In ta watse, ta jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. In ta manne, laka ce irin ta fadama, saiwa ba ta samun iska. Ni nakan gauraya awo 2 na ƙasar jigawa da awo 1 na ruɓaɓɓen taki, don ɗanyen taki yana ƙone saiwa.

Gargaɗina: kada ku ɗebi ƙasa inda dabba ta mutu da ciwon saifa. Ƙwayar cutar tana shekaru cikin ƙasa, kuma tana kama mutum.