Bayan Tafiyar Baƙo

'Ya'yana, ku matso in ba ku labarin Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila. A 1801 aka rushe majalisarsu, aka haɗe su da Birtaniya. Daga 1845 cuta ta kama dankalin turawa, abincin talakansu, yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira. Ciwon nan bai bar zukatansu ba.

A bikin Ista na 1916, wasu 'yan kishin ƙasa suka mamaye babban gidan waya na Dublin, suka shelanta jamhuriya. Kwana 6 aka murƙushe su, har wasu mutanen gari suna yi musu ihu a titi. Sai hukuma ta shiga harbe jagororinsu ɗaya bayan ɗaya. James Connolly, da raunin ƙafa ya hana shi tsayuwa, a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Nan zukata suka juya. A zaɓen 1918 jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, Sinn Féin, ta ci kujeru 73 cikin 105 na Ayilan, yaƙi da Birtaniya kuma ya biyo baya.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya yana gaba. A Disambar 1921 Michael Collins, ɗaya daga jagororin yaƙin, da abokansa suka sa hannu a yarjejeniya da Birtaniya: ƙasa ta samu mulkin kai, amma da rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, gundumomi 6 na arewa kuma suka tsaya a hannun Birtaniya. Majalisar da Sinn Féin ta kafa ta amince da ƙuri'a 64, 57 suka ƙi. Haƙori da harshe ma sukan saɓa, amma su, masu amincewa da masu ƙi, bindiga suka ɗauka. A Agustan 1922 aka kashe Collins a Cork, yankin haihuwarsa, yana da shekara 31, kuma tsofaffin abokan gwagwarmaya ne suka yi masa kwanton ɓauna. Minista Kevin O'Higgins ya amince da harbe Rory O'Connor, ɗaya daga waɗanda suka ƙi yarjejeniyar, wanda shi ne babban abokin ango a bikin O'Higgins shekara ɗaya kafin nan. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Jamhuriyar da suka yi faɗa a kanta ta tabbata a 1949, ba tare da an harba ko harsashi ba.

Don Allah, 'ya'yana, ranar da kuka saɓa da wanda kuka sha wuya tare, a ƙungiya ko a siyasa, kada ku yi gaggawar kiransa maci amana. Ku je har gidansa, ku yi sallama, ku zauna.