Lauyan kamfani a kotun ma'aikata: halal ne abin da yake ci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Matasanmu daga Fakku, Kebbe da Tambuwal suna ƙara shiga karatun lauya, kuma ana yawan tambaya: idan yaro ya gama, ya zama shi ke tsayawa wa kamfani ko gwamnati a kan ma'aikacin da aka kora, kuɗinsa halal ne?

Mu fara sanin aikin. Mutum zai yi shekara 5 a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan ya wuce makarantar horas da lauyoyi, kamar ta Bagauda a Kano. Rigimar albashi, kora, fansho da yajin aiki tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga matsayinta, kuma tana da reshe a Sakkwato. Yawancin aikin wannan lauya ma ba a kotu yake ba: rubuta takardar ɗaukar aiki ne, da ba da shawara kafin a sallami mutum, da zaman sulhu da ƙungiyar ƙwadago.

A fiƙihu wannan wakilci ne a cikin husuma, kuma malamai sun halatta shi. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, wadda alƙalanmu suka sani, tana da babi a kan wakilci. Mai gida ma yana da haƙƙi. Akwai ma'aikacin da ke cin amana, akwai mai karɓar albashi ba ya zuwa aiki. Kare wanda aka cuta ba laifi ba ne don kawai shi ke da kuɗi.

To amma akwai iyaka. A Suratun Nisa'i, aya ta 105, Allah Ya hana tsaya wa maha'inta a husuma. A hadisin Ummu Salama na Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya bayyana cewa wanda ya ci shari'a da iya magana alhali haƙƙin na ɗan'uwansa ne, yankin wuta aka yankar masa. Bukhari kuma ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, aka gama masa aiki, ya hana lada. Ka ga wa za ka kara da shi ke nan!

Saboda haka, ya kai lauya:

1. Ka karanta takardun kafin ka karɓi kuɗi. In ka tabbata an cinye wa mutum albashi, ka ce a biya.

2. Ka gaya wa mai gida abin da doka ta ɗora masa: ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, da sanarwar wata guda kafin sallamar wanda ya shekara 5 ko fiye. Mafi ƙarancin albashi kuma ya koma Naira 70,000 tun 2024.

3. Kada ka riƙa neman ɗage shari'a don talaka ya gaji. Wanda zai taso daga Kebbe zuwa Sakkwato da kuɗin mota na rance, kowace ɗagewa wani abu take cirewa daga tukunyar iyalinsa.

4. Ka fifita sulhu, ko da kuɗin aikinka zai ragu.

Wannan darasi bai tsaya kan lauya ba. Kai mai gona da ka sa 'yan ƙwadago noma ka ce su dawo bayan kaka, kai mai makaranta da malamanka ke bin ka wata huɗu, hukuncin ya shafe ka. Wayon lauya yana ƙarewa a ƙofar kotu.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu. Wallahu a'alam.