Yadda Ake Hanzarta COUNT da SUM a Filogin na Apache Drill

Duk wanda ya taɓa sauke bidiyo mai nauyi don kawai ya duba tsawonsa ya san zafin ƙona data a banza. Irin wannan asarar ce ke faruwa idan injin tambaya ya kwaso miliyoyin layukan bayanai alhali amsar da ake nema ba ta wuce lamba ɗaya ba. Wannan darasi zai nuna yadda ake toshe ta a Apache Drill.

Mene ne Drill, mene ne filogin?

Drill inji ne na kyauta daga gidauniyar Apache, an gina shi bisa tunanin Dremel, tsarin da Google ya yi bayaninsa a 2010. Da shi ake yin tambaya da yaren SQL a kan bayanan da ke wurare daban-daban, kamar fayilolin Parquet da JSON, ko MongoDB da HBase. Kowace irin ma'ajiya tana da filogin nata, wato ƙaramar manhaja mai aikin tafinta tsakaninta da injin. Wanda ma'ajiyarsa ba ta da filogin zai iya rubuta nasa da Java.

Inda matsalar take

A ɗauka akwai tebur mai layuka miliyan 10 na cinikin shaguna 50, sai aka rubuta:

SELECT shago, SUM(kudi) FROM ciniki GROUP BY shago

Sabon filogin karatu kawai ya iya. Zai turo layuka miliyan 10 ɗin ta netwok, Drill ya tara su, ya fitar da layuka 50. Amsar daidai ce, amma an ɓata lokaci, sabar ta wahala. Idan ma'ajiyar ta iya lissafi da kanta, gara a miƙa mata aikin, ta dawo da layuka 50 kacal. Wannan shi ne tura lissafi ƙasa.

Yadda ake turawa

Drill yana amfani da Apache Calcite wajen tsara tambaya. Calcite yana jera matakai: karanta bayanai a ƙasa, tacewar WHERE a tsakiya, tarawar GROUP BY a sama. Mai rubuta filogin zai ƙirƙiri doka daga ajin StoragePluginOptimizerRule. Duk inda dokar ta ga matakin tarawa zaune a kan matakin karatu na filogin ɗinta, sai ta haɗe su zuwa sabon matakin karatu mai ɗauke da umarnin lissafin.

Abubuwa biyu ne ke yawan kayar da masu koyo a nan. Na farko, tacewa ce ke fara sauka kafin tarawa. Idan ma'ajiyar ba za ta iya aiwatar da WHERE ba, to ba a tura SUM, domin za ta tara har da layukan da ya kamata a zubar. Na biyu, mai tsarawa yana zaɓar hanya mafi arha ne bisa ƙiyasin da filogin ya ba shi ta getScanStats. Idan sabon matakin bai nuna cewa layukansa sun ragu ba, ana iya watsi da shi, a koma tsohuwar hanya ba tare da wani gargaɗi ba.

Tarkon amsar ƙarya

Jinkiri ana ganinsa, amma lissafin kuskure shiru yake wucewa. Haɗarin yana ƙaruwa idan bayanan sun rarrabu a sabobi da yawa, kowace tana dawo da nata ɓangaren amsar.

SUM da MIN da MAX ba su da rigima, ana sake haɗa su kai tsaye. COUNT kuwa tara sakamakonsa ake yi da SUM, ba sake ƙirgawa ba. AVG ne babban tarko. A ce sabar farko tana da ciniki 2, matsakaicinsu 100, ta biyu tana da ciniki 8, matsakaicinsu 1,000. Wanda ya haɗa matsakaitan biyu ya raba biyu zai sami 550, alhali gaskiya 8,200 ne a raba 10, wato 820. Don haka SUM da COUNT ake nema daga kowace saba, a yi rabon sau ɗaya a ƙarshe. COUNT(DISTINCT) ma ba ya taruwa haka, domin mai saye ɗaya zai iya bayyana a sabobi biyu, a ƙirga shi sau biyu.

Sai batun NULL, wato gurbin da babu komai. COUNT(*) yana ƙirga duk layuka, COUNT(kudi) yana tsallake guraben. A SQL, SUM na guraben zalla NULL yake bayarwa, amma $sum na MongoDB 0 yake dawowa da shi. Wajibi ne filogin ya gyara irin wannan saɓanin, ko ya bar wa Drill lissafin.

Gwaji kafin a saki

A sa EXPLAIN PLAN FOR a gaban tambayar don a ga ko lissafin ya sauka da gaske. Sannan a gudanar da tambayar sau biyu, da dokar a kunne da kuma a kashe, a kan tebur mai gurabe, da tebur marar layi ko ɗaya. Amsoshin su zo daidai, lamba da lamba.

Wanda ya ƙware a wannan ba a Drill kaɗai zai ci moriyarsa ba. PostgreSQL 10, wanda ya fito a 2017, ya kawo irin wannan turawa a postgres_fdw, Trino kuma yana yin ta ta hanyar applyAggregation. Ga mai farawa, COUNT(*) marar WHERE ne ya fi dacewa da gwajin farko, idan ya tabbata daidai sai a matsa zuwa SUM.