A Auna Kafin a Saya: Nasiha ga Masu Firji a Birnin Zariya

Duk shekara, idan hunturu ya ja jiki, ƙurarsa ta kwanta, zafin bazara ya kankama daga watan Maris zuwa na Mayu, har ya zamana wanda ya taso daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da tsakar rana ba abin da ke ransa sai ruwan sanyi, to a wannan lokaci ne jama'a kan yi wa rumfunanmu tsinke, mu masu sana'ar gyaran firji, wani ya turo nasa a kura, wani ya ɗauko a keke mai ƙafa uku, kuma galibinsu da magana guda suke isowa: gas ya ƙare, a ɗura musu wani. Na daɗe ina wannan aiki a cikin birnin nan, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin dukiyar bayin Allah da nake gani tana salwanta saboda hukuncin da aka gina a kan zato, alhali kuwa akwai hanyar samun yaƙini mai sauƙi, wadda ita ce awo.

Mas'alar farko da ya wajaba kowane mai firji ya fahimta ita ce gas ɗin firji ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Kwamfuresa, wato baƙin injin nan da ke zaune a ƙasa ta baya, ita ce ke matse shi ta tura shi cikin ragar baya, ko cikin bututun da aka binne a jikin bangon firjin idan na zamani ne, inda zai fitar da zafinsa ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta matata, ya shiga wani siririn bututu na jan ƙarfe da muke kira kafilari, ya faɗa cikin farantin sanyi, a can ya sake zama iska yana zuƙe zafin abin da aka ajiye, sannan ya komo wa kwamfuresa, haka yake ta kewayawa shekara da shekaru ba tare da ƙofar fita ba. Saboda haka duk sa'ad da aka tabbatar ya ragu, to lalle akwai huda a wani wuri, kuma mai gyaran da ya ɗura sabo bai nemo hudar ya toshe ta ba, ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba, domin bayan 'yan makonni maigida zai sake hayar kura. Neman huda aiki ne na haƙuri: a cika bututun da iskar naitirojin, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a jira, a duba allurar geji ko ta sauka.

Mafi yawan hudar da nake gani kuwa wuƙa ce ta yi ta, kuma a nan ina roƙon iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su saurare ni da kyau, domin na san cewa a gidaje da yawa na Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona firji jari ne, da shi uwargida ke ƙulla zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, da ribarsa ake sayen sabulu da littafin 'yan makaranta. Farantin sanyi na alminiyon ne, hanyoyin gas suna kwance dab da fatarsa, kuma tsinin wuƙa guda ya isa ya fasa su. Idan ƙanƙara ta kama, a zare filogi, a buɗe ƙofa, a saka kwanon ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta. In kuwa ƙaddara ta riga fata, aka ji iska tana fita da ƙara, to a kashe wuta nan take, kada a ce bari a gwada a gani, saboda kwamfuresar da ke aiki za ta zuƙi ruwan ƙanƙarar ta cikin hudar, ya gurɓata man da ke cikinta, ya riƙa daskarewa a bakin kafilari, sai gyaran da ya kamata ya tsaya a kan liƙi guda ya koma wankin bututu gaba ɗaya, wani lokaci har da canjin inji.

Amma kafin a kai ga batun gas, tartibin bincike shi ne a fara daga bango, wato daga wutar da ke shigowa. Firjin da ake sayarwa a ƙasar nan an ƙera shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, kuma kowa ya san yadda takan yi rauni da almuru idan unguwa duka ta kunna kaya. Idan ka ji kwamfuresa ta yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai wani abu ya yi ƙas ta yi shiru, bayan minti biyu ko uku ta sake, to abin da ke ƙarar shi ne obalod, mai tsare injin daga ƙonewa, yana yanke wuta domin injin ya kasa tashi. A sa mita a soket a karanta. In an ga wutar ta sauko wajen 170 ko ƙasa da haka, to firjin ba shi da laifi, sitabilaiza yake bukata, kuma gara a sami mai jinkirta kunnawa, domin idan an ɗauke wuta aka maido ta nan da nan, matsin da ke cikin bututu bai riga ya daidaita ba, injin ba zai iya juyawa ba. Wanda ba shi da irin wannan na'ura ya jira minti biyar kafin ya maida filogi. Haka kuma siririyar wayar nan ta kasuwa da ake ja daga ɗaki zuwa ɗaki, da ƙaramin janareton da ba ya iya ɗaukar nauyin tashin inji, duka suna haifar da wannan alama.

Idan wuta ta inganta amma alamar ba ta gushe ba, sai a juya ga rile, ɗan ƙaramin abin da ke manne a ƙugun kwamfuresa yana taimaka mata ta tashi. A zare filogi tukuna, wannan wajibi ne. A cire rilen a girgiza shi kusa da kunne. In an ji ɓaraguzai suna kaɗawa a ciki, to ƙwayarsa ta farfashe, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na inji. Ita kuwa kwamfuresa tana da ƙafafu uku, a cikinta akwai koyil biyu, na tashi da na tafiya, waɗanda suka haɗu a ƙafa guda, kuma hisabinsu ba ya ƙarya: idan aka auna tsakanin ƙafafun bibbiyu za a sami adadi uku, kuma babban cikinsu dole ya zama jimlar sauran biyun. Alal misali, in an sami om 12 da om 18, to na ukun ya zama 30 ko kusa da haka. Sannan a auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen injin a inda aka kankare fenti. In mita ta nuna akwai sadarwa, koyil ya ƙone ya taɓa jiki, kuma wannan firji haɗari ne ga yaran gida, kada a sake kunna shi. Ba na cewa awon om shi kaɗai ya isa hujjar lafiyar inji, domin akwai wanda koyil ɗinsa lafiya lau amma ya ƙage daga ciki, ko bawul ɗinsa ya saki ba ya matsa gas. Wannan sai a gane shi da mitar amfiya da geji. Abin da nake nufi shi ne kada mai gyara ya yanke wa kwamfuresa hukuncin mutuwa alhali mai kaya bai ga adadi ko ɗaya da idonsa ba. Na sha karɓar firjin da aka ce injinsa ya ƙone, na canza rile kawai ya tashi. Kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sanin cewa irin waɗannan injuna masu lafiya, idan an cire su, ba zubar da su ake yi ba, sayar da su ake yi wa wani.

Akwai kuma illoli ƙanana da maigida zai iya ganowa da kansa. A sa takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja; in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ƙofar ta saki, iskar ɗaki na shiga, injin ba zai huta ba. A share ƙurar hunturu da ta lulluɓe ragar baya, a janye firjin daga bango kamar tsawon tafin hannu, a nisanta shi da murhu da hasken rana. Sashen abinci ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 3 zuwa 5, firiza kuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. In injin na aiki ba ya tsayawa har kayan miya suna daskarewa, ko kuwa ba ya tashi sam alhali fitilar ciki na kamawa, sai a tuhumi tamostat.

Sa'an nan mu zo ga neman kayan canji, inda hasara ta fi yawa. Kowane firji yana da takardar shaida manne a bayansa ko a cikinsa ta gefe, ita ma kwamfuresa tana da tata, kuma a kansu ne aka rubuta lambar samfuri, da ƙarfin wuta, da nau'in gas, da nauyinsa da giram. Nau'in gas yana da tarihi. Tsofaffin firji da R12 suke aiki, har masana suka tabbatar yana cinye rigar iskar da ke kare duniya daga cutarwar hasken rana, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada a 1987, aka sanya 2010 a matsayin wa'adin daina shi a ƙasashe irin tamu. R134a ya maye gurbinsa, yanzu kuma yawancin sababbin firji R600a suke ɗauke da shi. Waɗannan ba a cakuɗa su, ba a kuma musanya wani da wani, domin kowanne da irin injinsa da matsinsa, kuma man da ke cikin injin R134a dabam yake da na sauran. Shi R600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Sau da yawa abin da ke cikin firji bai kai giram 100 ba, shi ya sa da sikeli ake ɗura shi bayan an zuƙe iskar bututun sarai, kuma ba a kusantar da wutar walda sai an tabbatar ya fita, a fili mai iska. Wanda ke ɗura gas da taɓa bututu da hannu yana cewa ya isa, ƙiyasi yake yi a inda akwai nassi, tunda maƙera sun riga sun rubuta adadin.

A kan takardar shaidar firjin kuma akwai wani harafi da mutane ba su kula da shi, alhali shi ne sirrin gazawar firji da yawa na gwanjo da ake kawowa daga Turai. Harafin N na nufin an ƙera shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T kuwa har 43. To ɗaki mai rufin kwano a Zariya cikin watan Afrilu ya fi ƙarfin mai N, zai yi ta aiki dare da rana ba ya kai sanyin da ake so, kuma babu wani gas ko sabon inji da zai sauya yadda aka halicce shi a masana'anta. Mai sayen firji, sabo ko tsoho, Thermocool ne ko LG ko Hisense, ya nemi T ko ST. In kuma daga Amurka ya fito, a duba ko na bolt 110 ne, domin irin wannan sai da taransifoma.

Idan za ka tafi Sabon Gari ko Tudun Wada neman kaya, ka ɗauki hoton takardun nan biyu a wayarka, ka kuma riƙe tsohon abin da aka cire a hannunka. Abin da ba a samu a nan ba akan aika Kaduna ko Kano, wani kuma sai daga kasuwar Alaba ta Legas. Robar ƙofa ana auna tsawonta da faɗinta da santimita daga kusurwa zuwa kusurwa, a yanko ɗan guntu domin a gwada yadda take shiga ramin ƙofar, tunda akwai mai shiga da turawa, akwai mai ɗauri da kusa. Tamostat na firji dabam, na firiza dabam, kuma a duba tsawon siririyar wayarsa. Kwamfuresa kuwa a sayi daidai da ƙarfin wadda aka cire, in 1/6 ce ta ƙarfin doki kada a sa 1/4 da tunanin za ta fi sanyi, saboda an auna kafilari da faranti ne a kan ƙaramar, babbar za ta ƙara shan wuta ne kawai ta gajarta kwanan kanta. Duk lokacin da aka buɗe bututu a canza matata, ba ta da tsada. In injin na hannu ne, wanda aka ciro daga wani firjin, a kunna shi a gabanka, a auna, a kuma yi sharaɗin mayarwa kafin kuɗi su fita daga aljihu. Wanda ya zauna a zauren malamai a garin nan ya karanta babin ciniki a littafin Risala ya san cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya bayyana da aibi. Wannan hukunci yana aiki a kan tsohuwar kwamfuresar da aka fesa wa baƙin fenti aka ce sabuwa ce.

Wani firjin kuma ba ya gyaruwa, kuma faɗin haka ga mai shi yana cikin amanar sana'a. Idan hudar tana cikin bango, inda bututu ke binne a cikin soso, ko kuma kuɗin gyaran ya haura rabin na sabo a firjin da ya riga ya tsufa, nakan gaya wa maigida gaskiya ya adana kuɗinsa, ko da hakan na nufin ya tafi ban sami ko kwabo ba.

Kirana ga abokan sana'a, manya da almajiransu, shi ne kowa ya mallaki mita da geji da sikeli, ya nuna wa mai kaya abin da ya auna, ya kuma mayar masa da duk abin da ya cire. Ku kuma masu firji, musamman waɗanda ke shirin sana'ar ƙanƙara a watan azumi ko ajiyar naman layya a Babbar Sallah, ku sa a duba muku wuta da rile da robar ƙofa tun da sauran makonni, domin a ranar da kowa ke neman mai gyara, ba wanda ke samun natsuwar yin awo yadda ya kamata.