Ku bar kififiya ta yi ƙwai

Da ruwan farko ya sauka a ƙasar Daura, kududdufai suka kawo, sai ka ga kififiya ta ɓullo ko'ina. Rani duka tana nan binne cikin laka, ta rage numfashi, tana jiran damina. A daidai farkon damina ne yara da masunta suka fi kama ta, kuma a nan ne ɓarnar ta fi muni, domin lokacin haihuwarta ke nan.

Aikina nazarin halittun ruwa ne, kuma kunkurun ruwa na cikin abin da na fi duba cikinsa da madubin hangen ƙananan halittu. Idan ka yanki marainan namiji siriri ka sa a ƙarƙashin madubi, za ka ga wasu ƙananan bututu a nannaɗe. A can gindin bangon kowane bututu akwai ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan, zagayayyu, a zaune shiru. Su ne uwayen maniyyi. Idan ɗaya ta rabu biyu, sai guda ta ci gaba da sauye-sauye har ta zama maniyyi mai wutsiya, ɗayar kuma ta tsaya a gurbinta, kamar yadda manomi ke cin hatsinsa ya bar iri a rumbu. Da wannan ne namiji ke haihuwa shekara da shekaru bai ƙare ba.

A jikin ɗan Adam wannan aiki ba ya tsayawa. A yawancin kunkurun da aka bincika kuwa, yana bin yanayi ne. Akwai watannin da za ka tarar da bututun nan cike maƙil, akwai watannin da za ka same su kusan wayam, sai uwayen kawai da ƙwayoyin da ke ciyar da su. Namiji yana tara abin da ya samar a wata jijiya da ke manne da maraina, ya ajiye har lokacin barbara. Ita ma macen tana iya riƙe maniyyi da ransa a cikin hanyar ƙwanta na tsawon watanni, a wasu nau'o'in har shekaru. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki, Allah mai iko. Ma'anarsa kuwa, mace ɗaya da aka kama a bakin ruwa tana iya zama ɗauke da zuriyar damina fiye da ɗaya.

Sai batun rami. Irin kififiyar da ta fi yawa a kududdufanmu, mai lanƙwasa wuya gefe idan ta tsorata, takan fito tudu ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta jiƙa ƙasar don ta yi taushi, ta zuba ƙwai ta rufe. Zafin wannan rami shi ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. A Dakar ta Senegal aka fara gano wannan sirri a 1966, lokacin da Madeleine Charnier ta lura da shi a ƙwan ƙadangare, irin wanda ke gyaɗa kai a katangunmu. Saboda haka wanda ya sare itatuwan bakin tafki ko ya ƙone ciyawar wurin ya taɓa jinsin 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe, ko da bai fasa ƙwai ko ɗaya ba.

Wani zai ce ai kimiyya za ta gyara. Gaskiya ne cewa tun 1994 Ralph Brinster a Amurka ya dasa uwayen maniyyi daga ɓera zuwa wani ɓera, suka yi aiki, kuma masana na fatan wata rana a adana na dabbobin da ke ƙarewa. Amma a dubi ƙasar Sin, da kuɗinta da masananta. Katuwar kififiyar kogin Yangtze ta ragu har aka rasa yadda za a yi. Macen da ke gidan namun daji na Suzhou ta yi ta zuba ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, saboda maniyyin tsohon namijin da aka haɗa ta da shi ya yi rauni, ta kuma mutu a Afrilun 2019 bayan an gwada yi mata barbarar hannu.

Mu ba mu kai nan ba, kuma abin da ake buƙata gare mu ba shi da tsada. Masuntan madatsun ruwa na Daberam da Sabke, idan kififiya ta faɗa koma a farkon damina, ku mayar da ita ruwa, musamman mace. Gane ta ba wuya: namiji wutsiyarsa ta fi tsawo da kauri, ƙirjinsa ya ɗan lotsa ciki, mace kuwa ƙirjinta a shimfiɗe yake. Masu zuba gamalin don kama kifi su ji tsoron Allah, guba ce ga kifi, ga kififiya, ga mai ci. Manoman rani su daina wanke tankin feshi a bakin ruwa.

Kififiya tana cin mushe da katantanwa da tsutsotsin ruwa, tana kuma daɗewa kafin ta balaga, don haka babba ɗaya da aka kashe sai an yi shekaru kafin a maye gurbinta. Ina roƙon sarakunan ruwa da masu unguwanni da malaman makaranta a masarautar Daura su ja kunnen jama'a, a bar tono ramukan ƙwai daga saukar ruwa har zuwa kaka.