JAR KAZA MAI YAWAN ƘWAI

Kazar gida da ke kiwon sake ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara ba. Dalili kuwa shi ne, da ta tara ƙwai kaɗan sai ta hau kwanci, ta kwana 21 a kansu, sa'an nan ta shafe makonni tana yawo da 'yan tsaki. Duk tsawon wannan lokaci ba ta yin ƙwai.

Asalinta

Akwai wata irin kaza da ake kira Rhode Island Red, wadda manoman Amurka suka fitar a ƙarshen ƙarni na 19. Ja ce wur, mai kauri, ƙwanta kuma ruwan ƙasa ne. Takan fara ƙwai tana da wata 5 zuwa 6, kuma in ta sami kulawa takan ba da fiye da 200 a shekara, don ba ta damu da kwanci ba. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta fitar da Shika Brown, jar kaza mai ƙwai wadda ta dace da zafin ƙasarmu.

Yadda ake kula da ita

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya sayi wannan kaza ya bar ta da tonon juji, ya yi asarar kuɗinsa. Saboda haka mai kiwo ya kiyaye waɗannan:

1. Abinci. Kowace kaza tana bukatar kamar giram 120 a rana. Tsaba da dusa kaɗai ba su isa ba. A haɗa da ƙuli-ƙuli ko waken soya gasasshe, da garin ƙashi don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari.

2. Ruwa. Kada mazubi ya bushe, musamman da bazara. Kazar da ta wuni da ƙishirwa takan rage ƙwai.

3. Akurki. Ya zama mai iska, marar danshi, wanda muzuru ba zai shiga ba. A tanadi gurbi ɗaya don kaji 4 ko 5.

4. Riga-kafi. Cutar Niyukasil, wadda ta fi tsanani da hunturu, takan share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani. A nemi malamin dabbobi ya yi riga-kafi tun kaji na lafiya. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da sauran.

Samun 'yan tsaki

Kaza na yin ƙwai ko ba zakara, amma irin wannan ƙwai ba ya ƙyanƙyasuwa. Mai son 'yan tsaki sai ya aje zakara ɗaya ga kaji 10, ya sa wa kazar gida ƙwan ta kwanta a kai. Don haka kada a raina ta gida. Ja ta yi ƙwai, ta gida ta yi reno, yara su ci, ragowar a kai kasuwa.